Darasi na 14: Ɗaurin Aure Nesa da Gida

Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar ba ta cika kilomita 100 ba. Zuwa Yamai kuwa sai an haura 600. Amma amaryar da aka kai Yamai tana cikin ƙasarta, wadda aka kai Katsina ko ta ƙetare iyaka: kuɗin cefanenta ya canja, hukumar da za ta kai wa kuka ta canja, takardun da za a nema a hannunta a shinge su ma sun canja. Mu mutanen wannan yanki ba mu cika ɗaukar Katsina ko Sabon Birni ƙasar waje ba, kuma muna da hujja. Gidan sarautar Maraɗi na Katsinawa ne da suka baro birninsu lokacin jihadi, a farkon ƙarni na 19. Gobirawa su ma, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sun sha gwagwarmaya kafin su kafa Tibiri wajen 1836. Iyakar da ta ratsa tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata ta daga baya, ba ta kuwa raba jini ba. Da wuya ka shiga gida a Jiratawa ko Tibiri ka tarar ba su da goggo ko inna a wancan gefen.

Yau nisan ya wuce nan. Samarinmu suna ci-rani a Legas, Kwatano, Kumasi, Abijan, Aljeriya da Libiya. Wasu karatu ya kai su, wasu suna ramukan zinariya a arewacin Agadas. Daga can suke aiko da neman aure gida, ko su ga wadda suke so a can su ce iyaye su zo. Wannan darasi zai nuna yadda ake shirya irin wannan aure ba tare da an yi asarar dukiya ko an jefa yarinya cikin wahala ba.

Abin da nisa ke ɗaukewa

Idan saurayin ɗan unguwar Bagalam ne, yarinyar kuma ƴar unguwar Mokoyo, duk a nan Maraɗi, rabin aikin an gama shi tun kafin a kai goron tambaya. An san ubansa, an san sana'arsa, an san ko yana fitowa sallar asuba, an san yadda ake zaman aure a gidansu. Ba wanda ya biya ko dala a kan wannan sani, zaman tare ne ya kawo shi. Bayan biki ma, idan amarya ta kwana da kuka, kafin azahar labari ya isa kunnen uwarta. Nisa wannan yake fara ɗaukewa. Sai dai mu da an ce aure a Kumasi, hankalinmu kan motoci da anko yake tafiya, mu manta cewa idon maƙwabta da muka saba dogara da shi ba ya nan, dole mu nemi abin da zai tsaya a madadinsa.

Saboda haka bincike shi ne aikin farko, shi ya kamata ya fi cin lokaci. Hoton da saurayi ya turo ta WhatsApp yana tsaye a bakin kanti ba ya nuna kantin nasa ne. A nemi labarinsa daga mutum biyu aƙalla, waɗanda ba shi ya zaɓo su ba, ba su kuma jiɓanci juna ba. Kusan duk garin da Hausawa suka zauna akwai Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango, daga Agege ta Legas da Sabo ta Ibadan har Nima ta Akra da zangon Kumasi. Akwai limamin unguwa, akwai ƙungiyar ƴan Nijar mazauna garin, akwai direbobi da fatake da ke zuwa suna dawowa. A tambaye su dalla-dalla. Me yake yi? Ina yake kwana, ɗakinsa ne ko su shida suka haɗa kuɗin haya? Yana da mata a can? Yana da takardar izinin zama? Wannan tambaya ta ƙarshe kada a ji nauyin yin ta. Mun sha ganin ƴan'uwanmu da aka kwaso daga Aljeriya aka sauke su a iyaka wajen Assamaka, daga su sai tufafin jikinsu. Wanda shi kansa ɓuya yake yi, ina zai ajiye ƴar mutane? In da hali, wani dattijo daga dangin yarinya ya je ya gani da idonsa. Kuɗin motarsa bai kai na akwati ɗaya na lefe ba, kuma gani ya kori ji.

Ita ma yarinyar a tambaye ta, tambaya ta gaskiya. Goggonta ko yayarta ta keɓe da ita ta faɗa mata yadda wurin yake: harshen da ake yi, abincin da ake ci, da cewa za ta iya shekara ba ta ga gida ba. Yardar da aka samu bayan an ɓoye mata waɗannan abubuwa ba yarda ba ce.

Gwajin jini kuma a yi shi tun kafin a sa rana, kowa a asibitin garin da yake, a aiko da sakamako a rubuce. Idan namiji da mace duk suna ɗauke da ƙwayar amosanin jini, wato AS da AS, kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu na haifar ɗa mai ciwon. A jihar Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin aure, wanda ya haɗa da na ƙanjamau, na ciwon hanta da na amosanin jini. Wanda zai ɗaura aure can ya san da wannan.

Wakilci

Ba dole ne ango ya halarci ɗaurin aurensa ba. Abin da malamanmu na Malikiyya suka shimfiɗa shi ne a sami waliyyin amarya, da sadaki, da shaidu biyu adilai, da furucin bayarwa da karɓa. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Ango na iya wakilta wani ya karɓar masa, waliyyi ma na iya wakilta wani ya bayar. Wannan ba sabon abu ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana Madina aka ɗaura masa aure da Ummu Habiba ƴar Abu Sufyan tana ƙasar Habasha. Sarki Najjashi ne ya biya sadakin a madadinsa, daga baya aka rako ta Madina.

To, ɗaurawa ta waya fa, a buɗe murya kowa ya ji? Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta yarda a ƙulla ciniki ta waya da makamantanta, amma ta cire aure daga ciki saboda sharaɗin shaidu. Wasu malamai na yau sun sassauta idan ana ganin fuska ana jin murya. Shawarata ita ce a bi hanyar da ba ta da saɓani: a naɗa wakili ya zauna a kan tabarma a gaban liman da jama'a, wayar ta zama ta kallo da taya murna kawai.

Wakilcin a yi shi a rubuce, a gaban shaidu biyu. "Baba, ka tsaya mini" a cikin saƙon murya bai isa ba, don gobe ana iya musun adadin sadaki, ana iya musun ko wace ce cikin ƴan matan gidan aka nufa. Ga yadda ake rubutawa:

"Ni ........, ɗan ........, mazaunin ........, na wakilta ƙanen mahaifina ........ ya karɓa mini auren ........, ƴar ........, a kan sadaki sefa ........, lakadan ba ajalan ba. An rubuta ranar ........ a gaban shaidu ........ da ........"

Ango ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, shaidu su ma haka, a ɗauki hoton takardar a turo, a aiko da ainihinta ta hannun amintacce.

Akwai wata magana da ake jin kunyar tayarwa, alhali ita ce ke hana mata barci a garuruwanmu: yaushe za a tare? An ɗaura aure ango yana Libiya, ya ce sai bayan Salla, Salla ta wuce, wata ta zo ta wuce, yarinya na zaune gidan iyaye ba budurwa ba, ba matar gida ba. Tun ranar sa rana dattawan ɓangarorin biyu su yanke lokacin tarewa, da gidan da za ta zauna kafin nan, da wanda zai ɗauki cinta da suturarta, gama ciyarwa ba ta jiran ango ya ga dama. A Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace ba labari tana kai ƙara ga alƙali, a bincika, a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba. Idan kuma bai bar mata abin ci ba, tana da ikon neman a raba auren ba sai ta jira wannan tsawon lokaci ba. Iyaye su san wannan, kada a bar yarinya tana tsufa a kan jiran wanda ya manta da ita.

Kuɗi iri biyu

Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro 1 a kan sefa 655.957, shi ya sa ba ta cika tangal-tangal ba. Naira ba haka take ba. A watan Yunin 2023 gwamnatin Nijeriya ta sake ta kasuwa ta yi mata farashi, kafin shekara ta zagayo darajarta ta zube fiye da rabi. Kafin wannan ma, a farkon 2023, canjin takardun naira 200, 500 da 1,000 ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, masu ajiyar tsofaffin takardu a wannan gefen suka shiga zullumi. Duk auren da aka yanka kuɗinsa da naira aka sa rana da nisa a wannan tsakanin, wani ɓangare ya ji a jikinsa.

Don haka a faɗi irin kuɗin da ake nufi, a rubuta shi da lambobi. A kasuwar Maraɗi dala sefa 5 ce, jikka kuma sefa 1,000. A Kano in ka ce dala kuɗin Amurka za a ɗauka, jaka kuwa a bakin dattawansu naira 200 ce. "Jikka ɗari biyu" a waya na iya zama rigima ranar ɗaurin aure, "sefa 200,000" a takarda ba ta da fassara biyu. A kuma amince tun farko: in canji ya motsa, wa zai cika?

Wajen aiko da kuɗi, muna da NITA, Amana, Al Izza da sauransu, daga Turai da Amurka kuma akwai Western Union da MoneyGram. A zaɓi mutum ɗaya da za a riƙa turo wa, ya sami littafi yana rubuta ranar da kuɗi suka zo, nawa ne, da abin da aka yi da su, ya liƙa rasit a gefe. Ango yana can yana ɗaukar siminti a ka yana aikowa, haƙƙinsa ne ya ga lissafi. Yawancin ɓacin ran da ke shiga tsakanin wa da ƙane bayan biki ba cin amana ba ne, mantuwa ce. Sadaki kuma a ware shi daban da kuɗin gaisuwar iyaye da na lefe da na hidima. Na amarya ne, a damƙa mata shi a hannu.

Takarda

Fatihar liman ta halatta aure a wajen Allah da jama'a. Ma'aikacin shinge da na ofishin jakadanci kuwa takarda suke tambaya. Dokar Nijar ta rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar aure. In wa'adin ya wuce sai an bi ta kotu an samo hukunci, ga jeka-ka-dawo. Mutanen birni su je ma'aikatar magajin gari ta yankinsu cikin yankuna 3 na Maraɗi, na Tibiri da na Jiratawa kowa ya je tasa. A tafi da katin ɗan ƙasa na ma'aurata da na shaidu. A duba sunaye harafi-harafi kafin a baro ofis, domin idan takardar haihuwa ta rubuta suna iri ɗaya, ta aure ta rubuta wani iri, a wajen mai ba da biza mata biyu ne. Idan a waje aka ɗaura, a karɓi shaidar hukumar wurin a kai ofishin jakadancin Nijar, kamar na Abuja ko Akra ko Abijan, ko ƙaramin ofishin da ke Kano ko na Jidda. Ƴaƴan da za a haifa su ne za su ci amfanin wannan ɗawainiya ranar da suka zo neman takardar zama ƴan ƙasa.

Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso. A lokacin ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan ƙasashen uku, su shiga ba biza, har sai an sake sanarwa. Irin wannan tsari kan canja, don haka a tambaya a ofishin ƴan sanda ko a tashar manyan motoci kafin a sayi tikiti. Masu zuwa Gana da Kodebuwa su tanadi katin allurar shawara. Sai allurar ta kwana 10 katin ke fara aiki, amma tun 2016 sau ɗaya ya isa har iyakar rai. Turai kuwa shirinta daban ne. A Faransa, sai miji ya yi wata 18 yana zaune bisa ƙa'ida kafin ya nemi a kawo masa iyali, matar kuma sai ta cika shekara 18, kuma tun 1993 ba a ba mace ta biyu izinin zama in ta fari tana can. Wanda ya ce da an ɗaura zai ɗauke ta cikin wata guda, a nemi ya nuna takardunsa.

Kaya, rakiya da hanya

Uwa ta yi shekaru tana adashi tana tara kwanoni da kuloli, tana son ranar jere a gani a yaba. Wannan buri ne mai kyau, ba na raina shi. Amma gado da katifa da kabad da aka ɗaura a saman mota daga Maraɗi zuwa Legas, kafin su isa an biya kuɗin mota, an biya duwan a nan da kwastan a can, madubi ya tsage, ƙafar gado ta karye. Manyan kaya a aika da kuɗinsu, wata ƴar'uwa ta je ta saya a can, bayan ta ga girman ɗakin. Abin da ya cancanci a ɗauka daga gida shi ne wanda amarya za ta yi kewarsa: busasshen zogalen Jiratawa, kuka, daddawa, yaji, kuɓewa busassa, turaren wuta, da ƴar tukunyar da hannunta ya saba da ita. Game da gara, a tuna a watan Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da shinkafa zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. A tambayi duwan kafin a ɗora buhu, ko a mayar da garar kuɗi.

Kamu da sa lalle da wuni a yi su a gida, inda maƙwabta da ƙawayen biki suke, kowa ya kawo gudummawarsa ya ci ya sha a yi masa godiya. Rakiya kuma a taƙaita: goggo, ƙanwar uwa, yaya, ƙawa ɗaya ko biyu, da namiji guda wanda ya san hanya ya kuma iya magana da ma'aikata. Cika motoci biyu da mata da goyo zuwa garin da ba a san inda za su kwana ba nauyi ne a kan dangin ango, hatsari ne kuma a kan hanya. Kowa ya san halin rashin tsaro da dazuzzukan Madarunfa da Gidan Runji da Jibiya suke ciki. A fita da safe, a isa da rana, kada a yi shelar ranar tafiya da yawan kaya a Facebook.

Bayan kaka aka fi samun sarari da kuɗi. Watan Sha'aban da gabanin Salla mota na tsada, da damina kuma gulbi kan cika, hanyoyin ƙauye su lalace. Ita iyaka ma ba ta da tabbas. Nijeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Gadar Gaya ita ma an rufe ta a 2023, masu zuwa Kwatano da Lome suka koma ƙetare kogi cikin kwale-kwale da kayansu. Saboda haka kowane ɓangare ya tanadi wakili a garin da za a ɗaura, don in hanya ta toshe a ɗaura a ranar da aka sa, kai amarya ya biyo baya.

Kafin ƴan rakiya su juyo, su damƙa amarya a hannun wata dattijuwa ta garin wadda ba dangin ango ba ce, su nuna mata gidan, su gabatar da ita ga matar liman ko ta Sarkin Zango. Katinta da fasfonta da kwafin takardar aure su zauna a hannunta, ba a aljihun kowa ba. Ta kasance da wayarta, ta haddace lambar mutum biyu na gida, a bar mata kuɗin mota na dawowa a ƙasan akwati. Wannan ba mugun fata ba ne ga auren, uwa na iya rashin lafiya a kira ta cikin dare miji ba ya gari. A kuma tsayar da maganar ganin gida a gaban dattawa, a faɗi wata, a faɗi wanda zai biya mota.

Ayyuka

1. A ce an yanka sadaki naira 240,000 lokacin da ake canja sefa 1,000 a kan naira 1,200. Sefa nawa ke nan? Ranar ɗaurin aure sefa 1,000 ta koma naira 2,400. Sefa nawa za ta shiga hannun amarya? Da an yanka da sefa tun farko, naira nawa ango zai nemo?

2. A ce kuɗin mota zuwa da dawowa sefa 15,000 ne kowane mutum. Ku fitar da bambancin rakiyar mutum 30 da ta mutum 6, sannan ku tattauna abin da za a yi wa amarya da rarar.

3. Kowa ya kwafi takardar wakilci a littafinsa, ya cike guraben da sunayen da ya ƙaga, ya karanta wa na kusa da shi.

4. Ku rabu gida biyu, dangin amarya a Tibiri da dangin ango a Kumasi. Ku yi zaman sa rana, ku tsayar da irin kuɗi, lokacin tarewa da watan ganin gida. Mutum ɗaya ya rubuta abin da aka amince a kai.

5. Kafin darasi na gaba, mutum biyu daga aji su je ma'aikatar magajin gari su tambayo takardun da ake kawowa wajen rajistar aure da ranakun da ake karɓa, su zo su rubuta a allo.